Zare: lokacin da likitoci ke tsoron sauke hawan jini

1/ Satin da ya wuce aka auna Kawuna a gida, Garu, Illela. Na'ura ta nuna 190/120. Ya yi dariya ya ce "ai ni ban jin komai". Wata uku ke nan da ya ajiye magani. Wannan maganar ta tuna min wani tarihi. Ku biyo ni.

2/ 12 ga Afrilu 1945, shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya yi kukan ciwon kai, ya faɗi. An auna jininsa: 300/190. Jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa, ya rasu ranar. Shekaru ya yi jinin na hawa a gaban likitocinsa.

3/ Ba sakaci ba ne kawai. Lokacin babu magani mai inganci, kuma manyan likitoci da yawa sun yarda cewa jiki ne ke ɗaga jinin da kansa don ya isa ƙoda da ƙwaƙwalwa, in ka sauke shi ka cuci mutum.

4/ Mu kuma aka ce ba ruwanmu da shi. A 1929 wani likita Bature, Donnison, ya rubuta cewa bai ga ciwon ba a marasa lafiyan da ya duba a Kenya. Sai da irin su Farfesa Akinkugbe na Ibadan suka yi ta aune-aune, har ya fitar da littafi a 1972 kan hawan jini a jikin ɗan Afirka.

5/ Abin da ya kashe gardamar farko shi ne gwajin Dokta Edward Freis, 1967. Maza 143 masu mugun hawan jini. Cikin waɗanda aka ba maganin bogi, 27 suka gamu da mummunar matsala, har da mutuwa. Cikin masu shan na gaske, 2 kacal.

6/ Yau an san 180/120 haɗe da ciwon ƙirji, dishi-dishin gani, karkacewar baki ko numfashi sama-sama, asibiti ne nan take. Kuma a hankali ake sauke shi, sau da yawa ta jijiya. Don Allah kar a ɗura wa mutum ƙwayoyin maƙwabci, faɗuwar jini farat ɗaya ma na jawo shanyewar ɓarin jiki.

7/ Na karanta wa Kawu lissafin Freis ta waya. Ya yi shiru, ya ce, "To ɗana, gobe a kai ni asibiti." Inna ta ce ta ɓoye gishiri da magi.