ANNOBA UKU DA ƊIYAN GARINMU: DAGA MARISUWA ZUWA KORONA



A taron da za mu yi bayan Sallah akwai magana guda da ta raba kawunanmu. Wasu suna so a ware kashi daga asusun ƙungiya, a ajiye shi domin yara da masu ciki kawai, kada a taɓa shi sai ranar da ciwo ya shigo gari. Wasu kuma sun ce kuɗin bai kai a raba shi ba, ga rufin makaranta yana yoyo, ga bakin rijiya yana zubewa. Kowa da gaskiyarsa. Amma kafin a ɗaga hannu, mun ga ya kamata mu waiwaya mu duba abin da ya sami ɗiyan garin nan a lokutan da annoba ta game duniya har ta iso ƙofarmu. Sau uku hakan ta faru cikin shekara ɗari da biyu: 1918, da 1970, da 2020.

MARISUWA, 1918

Ta farko ita ce murar nan mai kisa da Hausawa suka raɗa wa suna Marisuwa. Ta zo ne ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko. Jirgin ruwa ya sauke ta a Saliyo cikin watan Agusta na 1918, wani jirgin ya kai ta Ikko cikin Satumba. Daga can ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano, daga Kano kuma ta bi sawun fatake da masu jakuna zuwa ƙasashenmu. A zamanin nan Damagaram ce babban birnin mulkin Nasara a ƙasar nan, ba Yamai ba. An ƙiyasta ta kashe mutum wajen miliyan 50 a duniya, a Nijeriya kaɗai wajen 500.000.

Ta tarar da mutane ba ƙarfi. Yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914 ba ta daɗe da wucewa ba, ga yaƙin Kawusan na Agadas a 1916 da 1917 wanda saboda shi aka yi ta karɓar hatsi da raƙuma da mutanen ɗaukar kaya.

Abin da ya bambanta Marisuwa da sauran mura shi ne ta fi kayar da majiya ƙarfi, masu shekara 20 zuwa 40, da mata masu ciki. Tsofaffi da yawa ta ƙyale su. To, ku duba abin da wannan ke nufi a cikin gida. Uba yana kwance, uwa tana kwance, kishiyarta ma haka, duk cikin mako guda. Ba mai zuwa rijiya, ba mai daka, ba mai hura wuta. Kakanninmu sun ba iyayenmu labari, su kuma suka ba mu, cewa yaron da ciwon bai kama shi da ƙarfi ba sai ƙishirwa da yunwa su gama da shi, jinjiri kuwa in uwarsa ta tafi ba ya daɗewa bayanta.

Ba likita a ƙauye, ba allura, ba ƙwaya. Abin da ya tsamo gidajen da suka tsira shi ne tsofaffin mata. Su ne suka riƙa daka, suna dama kunu, suna bi gida gida da ƙwarya, suna ɗauko jinjirin da ya rasa uwa su kai wa wata mai shayarwa da ta miƙe. Gidan da ya sami mai ba shi ruwa da kunu ya fi tashi da mutanensa. Wannan shi ne darasi na farko, kuma har yau bai tsufa ba.

KWALARA, 1970

Tsakanin annoba ta farko da ta biyu an yi abubuwa biyu da dattawanmu suka gani da idonsu. Cikin shekarun 1960, zamanin Diori Hamani, ma'aikatan animasiyo suka fara sa ƙauyukan jihar Maraɗi su zaɓi mutanensu a koya musu aikin sakuris, a ba su akwatin magani mai nivakin da asfirin da maganin ido da na miki, a kuma horar da ungozomomi. Sannan a 1967 aka soma babbar lambar agana da ƙyanda a ƙasashe 20 na wannan yanki na Afirka, da bindigar allurar nan da ake takawa da ƙafa. Duk wanda ya haura shekara sittin a cikinmu ya duba damtsensa, zai ga tabon. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Afirka ta Yamma, a 1980 kuma aka yi shela cewa agana ta ƙare a duniya. Matasanmu na yau ba su taɓa ganin yaron da agana ta makantar ba. Lamba ce ta yi wannan aiki.

Agana na fita, sai ga kwalara. Wannan annoba ta taso daga ƙasar Indunusiya a 1961, ta iso Gine cikin Agusta 1970. Ta bi gaɓar teku, ta kuma bi kogin Kwara da masunta da ƴan kasuwa, ta shigo ƙasarmu, a 1971 ta kai tafkin Cadi. Amai da zawo ne masu tsiyaye ruwan jiki, har babban mutum ya iya mutuwa tsakanin safe da dare. Yaro kuwa, da yake ruwan jikinsa kaɗan ne, ya fi saurin bushewa.

A nan ne wata al'adarmu ta cuce mu. Mun saba in yaro yana zawo sai a rage masa ruwa, wai don zawon ya tsaya, wata uwar ma ta janye nono. Ashe ruwan da ake hana shi, shi ne ransa. A 1971 ɗin nan, a sansanin ƴan gudun hijirar Bangaladash da ke ƙasar Indiya, ruwan ƙarin jiki na kwalba ya ƙare wa wani likita mai suna Dilip Mahalanabis. Sai ya sa dangin marasa lafiya su riƙa shayar da su ruwan gishiri da sukari da kofi. Mutuwa ta sauko daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4 cikin 100. Daga baya wannan magani ya iso likitocinmu cikin ƴan fakiti. In ba fakiti, ga yadda ake haɗa shi: litar ruwa 1 mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ba tozo. A riƙa ba yaro kaɗan kaɗan, a ci gaba da ba shi nono, a kama hanyar likita.

Kwalara ba ta tafi kamar Marisuwa ba. Ta zauna, tana dawowa da damina. A 2021 ma ta kwantar da dubban mutane a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Shi ya sa gyaran rijiyar nan da wasu ke magana a kai ba ƙaramin abu ba ne, mun yarda.

KORONA, 2020

Ta uku kowa ya gan ta. Ranar 19 ga Maris 2020 aka ba da sanarwar mutum na farko a Yamai. Aka rufe iyakoki, aka rufe lakwal, aka hana sallar jam'i, aka killace Yamai tare da dokar hana fitar dare. Azumi ya kama a haka. Sai 13 ga Mayu aka buɗe masallatai, yara suka koma lakwal ranar 1 ga Yuni.

Allah ya sa cutar kanta ba ta yi mana ɓarna kamar yadda ta yi a Turai da Amurka ba. Waɗanda hukuma ta lissafa ta kashe a Nijar duka ba su kai 400 ba, kuma galibi manya ne. Yara ba ta cika kayar da su ba. Amma ɗiyanmu sun sha wuya ta wata hanya, kuma wannan ita ce maganar da muke so a ji.

Na farko, kuɗi suka tsaya. Ku ƴan uwa da ke Abijan da Kwatano da Ikko da Libiya da Aljeriya kun fi mu sani. Kasuwa ta mutu, aiki ya tsaya, hanya ta toshe, ga iyakar Nijeriya da ma a rufe take tun Agusta 2019, ba a buɗe ta ba sai Disamba 2020. Jika goma ko ashirin da mutum ya saba aikowa ta yanke daidai lokacin da rumbu ke ƙarewa, tiyar hatsi ke tashi. A haka almajirai da yawa suka dawo gida daga garuruwan Nijeriya, baki ya ƙaru, tuwo bai ƙaru ba.

Na biyu, uwaye suka guji likita. Jita-jita ta bi wayoyin hannu: wai duk wanda ya je da tari za a tsare shi, wai an zuba wani abu a cikin allura. Wasunmu ma mun tura irin waɗannan saƙonni gida ba tare da mun bincika ba, wannan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Awon ciki ya ragu, awon yara ya ragu, katin lamba ya kwanta a ƙarƙashin tabarma. An kuma dakatar da zagayen allurar shan inna na wasu watanni.

Ba a garinmu kaɗai aka yi haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce yara miliyan 23 ba su sami alluran farko ba a 2020, wato ƙarin miliyan 3,7 bisa 2019. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum 627.000 a duniya a shekarar nan, ƙarin 69.000, kuma kashi biyu cikin uku na ƙarin ya zo ne daga tsayawar ayyukan magani da rigakafi. Mafi yawan waɗanda yake kashewa ɗiyan Afirka ne da ba su kai shekara 5 ba. A nan Nijar, cikin wata uku na farkon 2021, masu ƙyanda sun kusa ninka na bara sau uku. Mu da muka zauna gida mun san ƙananan kushewun da muka gina a kakar 2020 da bazarar da ta biyo baya. Ba korona ta cika su ba. Zazzaɓi ne da tamowa da baƙon dauro, cututtukan da muka san maganinsu tun tuni.

ABIN DA TARIHIN NAN YA NUNA

In muka jera ukun nan za mu ga abu guda. Annoba tana kayar da babba, ko ta tsare shi, ko ta tsorata shi, sai yaro ya rasa abin da ya saba samu a hannunsa: ruwa, da kunu, da nono, da allura. A 1918 tukunya ce ta tsaya. A 1970 ruwan sha ne aka hana. A 2020 aike da zuwa likita ne suka yanke. Ba mu da ikon hana wata annoba tasowa daga wata ƙasa. Amma tukunya da ruwa da hanyar likita suna hannunmu.

Don haka mu masu wannan rubutu muna goyon bayan a ware kason. Ba mu ce a bar rijiya ba, ai ita ma maganin yara ce, a fara da ita. Rufin makaranta kuwa muna roƙon a jinkirta shi zuwa kaka. Kuɗin da aka ware a sayi hatsi da wake da su lokacin girbi, sa'ad da tiya ke da sauƙi, a zuba a rumbun tsimi, mabuɗi guda a hannun maigari, guda a hannun wadda mata suka zaɓa. Sauran ya zama kuɗin kabu-kabu ko amalanke. Tun 2006 gwamnati ta kafa dokar duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta, amma hanya ba kyauta ba ce, kuma wani lokaci maganin ma sai an saya. Sau nawa yaro ya kwana uku da zazzaɓi don ana jiran uban ya aiko kuɗin mota?

Ku kuma da ke nesa, in kun kira gida kada ku tsaya a kan lafiya lau. Ku tambayi uwar ɗiyanku ko an cika katin lamba, ko yara sun sha maganin zazzaɓin nan da ake rabawa wata wata da damina, ko gidan sauro yana rataye. In kun ji wani labari game da allura, ku tambayi ma'aikacin likita kafin ku tura shi gida. Iyayenmu dattawa, ku ne ake jin maganarku. Ku da kuke ɗauke da tabon lambar 1967, ku nuna wa surukanku shi, ku gaya musu abin da agana take yi kafin ta.

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta fita daga matakin gaggawa. Tsakanin Marisuwa da kwalara shekara 52 ne, tsakanin kwalara da korona shekara 50. Ba wanda ya yi mana alkawarin ta gaba za ta jira haka. Duk wanda ba zai sami zuwa taro ba ya aiko da ra'ayinsa ta hannun wakilin garin da yake zaune, kafin jajiberen Sallah.

Allah shi raya mana ɗiyanmu, shi jiƙan waɗanda suka riga mu, shi maido matafiyanmu gida lafiya. Amin.