Tiyata

Kalmar tiyata aro ce daga Turancin Ingila, theatre, sunan ɗakin da likita ke yi wa majinyaci aiki. A bakin Bahaushe sunan ɗakin ya koma sunan aikin. Masu kishin harshe kan ce muna da fiɗa, me ya kai mu aro? Amma fiɗa daga feɗe take, aikin mahauci kenan, kuma ba mai son jin za a feɗe ɗansa. Shi ya sa mutumin Bagudo ko Illo, a bakin iyakar Benin, ya fi sakin jiki da tiyata.

Inda nake ganin kalmar ta gaza shi ne wajen gyaran fuska. Ɗame fatar da tsufa ya saki, wanda ake biya wa dubban daloli a Amurka, tiyata ce. Ɗinke kumatun yaron da cutar noma ta cinye, wanda Asibitin Noma na Sakkwato, da aka buɗe a 1999, ke yi kyauta, ita ma tiyata ce. Wani zai ce duk wuƙa ɗaya ce. Haka ne, sai dai uban da ya ɗauka gyaran fuska kwalliyar masu kuɗi ce zai iya barin ɗansa a gida. Gara a kira ta farko tiyatar kwaskwarima, ta biyu tiyatar magani.