Jarrabawar GMAT: Abin da Ya Kamata a Yi Idan Maki Ya Tsaya Wuri Ɗaya

GMAT jarrabawa ce da manyan makarantun koyon harkokin kasuwanci na Amurka, Turai da Asiya ke nema daga masu son yin digiri na biyu, musamman MBA. Hukumar GMAC ce ke da ita. An fara yin ta a 1954, aka sa mata sunan GMAT a 1976, sannan aka mayar da ita kan kwamfuta a 1997. Yawancin jami'o'in gida ba sa neman ta, saboda haka wannan bayani ya fi shafar 'ya'yanmu masu neman gurbi a ƙasashen waje, da jami'an ƙananan hukumomi da ke ba su shawara.

A watan Nuwamban 2023 aka fito da sabon tsari, aka kuma rufe tsohon a ƙarshen Janairun 2024. Yanzu jarrabawar na da sassa uku, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, fahimtar Turanci da auna hujja mai tambaya 23, da nazarin bayanai mai tambaya 20. Jimillar maki daga 205 zuwa 805 take. An cire rubutun insha'i da gyaran jimla. Wajibi ne a lura da wannan, domin har yanzu akwai masu karatu da tsofaffin littattafan da suka gada a wajen yayyensu, suna ɓata watanni a kan abin da ba za a tambaye su ba. Haka kuma ma'aunin ya canza: maki 645 na yanzu daidai yake da 700 na da. Ɗalibi kan zaci ya gaza alhali ya kai inda ake so.

Babban dalilin tsayuwar maki yana cikin yadda aka gina jarrabawar. Kwamfutar tana bin ƙoƙarin mai amsawa ne. Idan ya ci tambaya sai ta ƙara masa mai wuya, idan ya faɗi sai ta sassauta. Don haka wanda ya ƙara ƙwarewa ba zai ji jarrabawar ta yi sauƙi ba, kuma ƙirga yawan amsoshin da aka ci ba ya nuna gaskiyar matsayi. Mafi yawan ɗalibai idan sun ga makinsu bai motsa ba sai su ƙara yawan jarrabawar gwaji, wani ma kowane mako. Wannan awo ne kawai, ba karatu ba ne. Ga kuma wata illa: maimaita gwaji ɗaya yana kawo tambayoyin da aka riga aka gani, sai maki ya hau a gida, ya sauko a ranar jarrabawa.

Abin da ya fi amfani shi ne a tanadi littafin rubuta kurakurai. Duk tambayar da aka faɗi, da wadda aka ci bisa canka, a rubuta ta tare da dalilin: rashin sanin ƙa'ida ne, ko karanta tambaya ba daidai ba, ko ƙurewar lokaci. Bayan mako biyu ko uku za a ga kuskuren yana taruwa a wuri biyu ko uku, nan ne za a mayar da hankali. Tun da sassan uku nauyinsu ɗaya ne wajen haɗa jimilla, sashen da ɗalibi ya fi rauni a kansa, wanda galibi shi yake gudu, nan ne ƙarin maki ya fi kusa.

A sashen nazarin bayanai akwai tambayar da ba amsar lissafi take nema ba, sai dai a faɗi ko bayanin da aka bayar ya isa a samo amsa. Misali, a tambayi kuɗin buhun masara, a ce buhu 2 na masara da 3 na gero naira 200,000 ne, sannan buhu 4 na masara da 6 na gero naira 400,000 ne. Mai gaggawa zai ce bayani biyu sun isa. Ba su isa ba, domin na biyun ninkin na farko ne, bai ƙara komai ba.

Batun lokaci kuwa, kimanin minti biyu kowace tambaya take da shi. Barin tambaya ba amsa yana rage maki, saboda haka gara a canka a wuce da a zauna minti biyar a kan guda. Sabon tsarin ya yarda a koma a canza amsa har uku a kowane sashe idan lokaci ya saura. Ga waɗanda suka tashi a makarantun karkara, sau da yawa ba lissafi ne ke riƙe su ba, saurin karanta Turanci ne, kuma maganinsa karanta dogayen maƙalu kullum tare da faɗar manufar marubucin a jimla ɗaya.

Ana iya sake zama bayan kwana 16, amma bai wuce sau biyar a cikin wata 12 ba, kuma sakamakon yana aiki har shekara biyar. Kuɗin rajista da dala ake ƙayyade shi, don haka kada a sake biya sai makin gwajin GMAC, wanda biyu daga ciki kyauta ne a shafin mba.com, ya nuna canji. Tun 2020 ana iya yin jarrabawar daga gida ta intanet, amma inda wuta da sadarwa ke yawan yankewa, zuwa cibiyar jarrabawa ya fi kwanciyar hankali.