Fadamar Haɗeja da Nguru Kafin Madatsar Tiga da Bayanta

Fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa koguna biyu ne suka haife ta, watau kogin Haɗeja da ke tasowa daga ƙasar Kano, da kogin Jama'are da ke gangarowa daga tsaunukan Jos. Idan suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi, sai ruwansu ya rarrabu ya malale ya cika tafkuna, irin su tafkin Nguru, kafin ragowarsa ya bi kogin Yobe zuwa tafkin Chadi.

A zamanin da, rayuwar wurin ta dogara ne bisa zuwan ruwa da kuma janyewarsa. Ambaliya takan kai ƙarshen ƙarfinta a wajen Agusta da Satumba, lokacin da kifi ke hayayyafa, shinkafa kuma na tashi. Ruwa na ja da baya sai manoma su bi damshin ƙasa da wake da sauran amfanin rani, masunta Hausawa da Badawa su shiga su a kududdufai, Fulani su sauko da shanu. Tsuntsayen ruwa ma daga Turai suke zuwa cin rani. Fili ɗaya yakan ciyar da sana'a uku a shekara, kowace da lokacinta.

A 1974 aka kammala madatsar Tiga, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, domin noman rani a Kadawa da samar wa birnin Kano ruwan sha. Ta Challawa ta biyo baya a 1992. Amfanin da Kano ta samu ba abin musu ba ne. Sai dai ambaliyar da a shekarun 1960 kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 ta ragu ƙwarai, fari na 1984 kuma ya ƙara tsananta al'amarin.

Amma babbar illar ba a yawan ruwa kaɗai take ba. Da aka shiga sako ruwa daga madatsun rani da damina, rafukan da suka saba bushewa sai suka daina. Nan ciyawar kacalla ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, har ruwa ya karkata zuwa mashigin Marma ya cinye gonaki a wajen Nguru, alhali wasu garuruwan na kukan ƙishirwa. Kacallar kuwa ita ce maɓoyar tsuntsun jan-baki mai cinye gero da shinkafa, kwalekwalen masunci ma ba ya iya ratsa ta.

A 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta duniya ke karewa. Kogin Jama'are dai har yanzu ba a datse shi ba, domin madatsar Kafin Zaki da aka daɗe da tsarawa ba ta kammalu ba, kuma mafi yawan ruwan da ke wucewa ta Gashuwa nasa ne.