Gwajin Yawu Don Auna Damuwa: Me Yake Faɗa Game da Lafiyar Zuciya?

Idan mutum ya shiga damuwa, wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda suna fitar da sinadarin kotisol. Aikinsa shi ne ƙara suga a jini da ɗaga ƙarfin bugun jini, domin jiki ya fuskanci haɗari. Wannan yana da amfani idan na ɗan lokaci ne. Matsalar tana tasowa idan damuwar ta ɗauki watanni ko shekaru.

Manoman rani na Kura, Bunkure da Kadawa, waɗanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga, sun san irin wannan damuwa: bashin taki, jiran ruwa a magudana, faɗuwar farashi lokacin da tumatir ya cika kasuwa, ko annoba irin ta tsutsar da ta cinye gonakin tumatir a 2016.

Yadda ake gwajin

Wani kaso na kotisol ɗin da ke jini yana shiga cikin yawu, don haka ana iya auna shi ba tare da allura ba. Mutum zai sa ɗan auduga a baki na minti ɗaya ko biyu, ya mayar da shi cikin kwalba, a kai ɗakin gwaji.

Ɗiba ɗaya ba ta isa. A jikin mai lafiya, kotisol yana kai ƙololuwa kimanin minti 30 zuwa 45 bayan farkawa, ya riƙa sauka har ya kai mafi ƙaranci wajen tsakar dare. Shi ya sa ake ɗiban yawu sau da yawa a yini. A wasu masu daɗaɗɗiyar damuwa, saukar yamma ba ta faruwa yadda ya kamata, sai jiki ya kwana kamar yana cikin shirin gudu.

Alaƙarsa da zuciya

Kotisol da ya daɗe a sama yana taimaka wa hawan jini, ciwon suga da taruwar kitse a ciki, kuma duk waɗannan suna lalata jijiyoyin jini. Ban da haka, mai damuwa yakan rasa barci, ya ƙara shan taba, ya manta da magani.

Binciken INTERHEART na 2004, wanda aka yi a ƙasashe 52, ya sanya damuwa cikin manyan abubuwa tara da ke da alaƙa da bugun zuciya. Wani bincike kuma, Whitehall II, ya auna yawun ma'aikatan gwamnati fiye da 4,000 a Landan, ya bi su kimanin shekara shida. Sakamakon da aka fitar a 2011 ya nuna cewa waɗanda kotisol ɗinsu ba ya sauka sosai da yamma sun fi fuskantar haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya.

Abin da gwajin ba ya yi

Waɗannan bincike sun nuna alaƙa ne a tsakanin dubban mutane. Gwajin yawu ba ya iya gaya wa mutum ɗaya cewa yana da ciwon zuciya ko ba shi da shi. A asibiti, likitoci sun fi amfani da shi wajen neman cutar Cushing, wadda jiki ke samar da kotisol fiye da kima, inda ake ɗiban yawu da tsakar dare.

Abubuwan da ke ɓata sakamako

Ci, sha, cin goro, shan taba ko yin asuwaki cikin minti 30 kafin ɗiba. Jini daga dasashi. Ƙwayoyin prednisolone ko dexamethasone da ake saye a kemis, da man bilicin mai ɗauke da irin waɗannan sinadarai. Juna biyu. Kwana a gona wajen ban-ruwa, ko sauyin lokacin barci kamar na watan azumi. A sanar da likita duk wanda ya shafe ka.

Abin da za ka yi yanzu

Ba sai ka jira gwajin yawu ba. Awon hawan jini ya fi sauƙi, ya fi araha, kuma ya fi faɗin gaskiya game da zuciyarka. Ana yin sa a Babban Asibitin Kura da ƙananan asibitocin unguwa. Idan awo ya kai 140/90 ko sama a ranaku daban-daban, a ga likita, ko da ba a jin ciwon komai. A haɗa da awon suga.

A rage gishiri da dunƙulen miya; Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. A bar taba, a nemi isasshen barci, kuma kada a daina maganin hawan jini don an ji sauƙi. Iyali su lura da wanda ya daina ci, ya daina barci, ko ya janye daga mutane, su raka shi asibiti.

Alamun gaggawa

Ciwon ƙirji mai danna mutum, musamman idan ya bi hannu ko muƙamuƙi, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, ko mutuwar ɓarin jiki. Kada a ce damuwa ce kawai. A garzaya asibiti mafi kusa nan take. Idan akwai buƙata, za a tura mara lafiya Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Murtala.