Yadda Lissafi Ya Dawo da Ceres Bayan Ta Ɓace

A daren 1 ga Janairu, 1801, Giuseppe Piazzi, limamin Katolika kuma masanin falaki a birnin Palermo na tsibirin Sisili, yana aikin tsara kundin taurari, sai ya ga wani ɗigon haske mai rauni. Washegari ya tarar ɗigon ya gusa, alhali taurari ba sa sauya mazauni a tsakaninsu cikin dare guda. Da farko ya sanar da cewa tauraro mai wutsiya ne, amma rashin hazo a jikinsa da nawar tafiyarsa suka sa ya yi zaton abin ya wuce haka.

Zaton nasa yana da tushe. Tun 1766 aka san wani jerin lambobi, wanda daga baya aka kira ƙa'idar Titius da Bode, da ya yi daidai da nisan duniyoyi daga Rana, sai dai ya nuna gurbi tsakanin Mars da Jupita, a nisan da ya ninka na Duniyarmu sau 2.8. Gano Uranus a 1781, kusa da inda jerin ya nuna, ya ƙarfafa masana, har a 1800 wasu suka kafa ƙungiya a Jamus domin farautar duniyar da ta ɓuya.

Piazzi ya bi ɗigon har 11 ga Fabrairu, rashin lafiya ta tsayar da shi. Kafin cikakkun alkalumansa su fito a watan Satumba, abin da ya raɗa wa suna Ceres ya riga ya shige cikin hasken Rana. Duk abin da aka mallaka shi ne awon makonni shida, wanda a cikinsu Ceres ta yi tafiyar kimanin digiri 3 kacal daga cikin 360.

A nan wahalar take. Na'urar hangen nesa tana nuna saitin da abu yake, ba ta faɗin nisansa, ga shi kuma mai kallon yana bisa Duniyar da ita ma tafiya take yi. Ana buƙatar lambobi 6 kafin a tantance falakin abin da ke kewaya Rana, kowane awo kuwa lambobi 2 yake bayarwa. Ke nan awo 3 sun wadatar, in an san yadda za a warware lissafin. Carl Friedrich Gauss, Bajamushe ɗan shekara 24, shi ya samo hanyar, ba tare da ya ɗauka cewa falakin da'ira ce cikakkiya ba. Hasashensa ya yi hannun riga da na sauran masana, amma da shi Franz von Zach ya tabbatar da ganin Ceres a ranar 31 ga Disamba, 1801, Heinrich Olbers ma ya gan ta a farkon Janairu.

A yau an san Ceres tana kewaya Rana cikin shekara 4.6, a nisan da ya ninka namu sau 2.77, faɗinta kuma kimanin kilomita 940. Sai dai matsayinta na duniya bai ɗore ba. An gano Pallas a 1802, Juno a 1804, Vesta a 1807, duk a yanki ɗaya. Da suka yawaita aka gane cewa zobe ne na duwatsu, Ceres ce babbarsu. A 2006 aka sanya ta cikin ƙananan duniyoyi, a 2015 kuma kumbon Dawn na Amurka ya isa gare ta.

Ƙa'idar Titius da Bode ta rushe bayan gano Neptune a 1846, domin ba ta faɗi a gurbin da aka ware mata ba. Hanyar Gauss kuwa, wadda ya wallafa a 1809, har yanzu tana cikin abin da ake fara lissafin falaki da shi idan aka hango sabon dutse na 'yan darare kaɗan, har da duwatsun da ake fargabar su kusanto Duniya.