Daga Gubar Nama zuwa Allurar Gyaran Fuska

Allurar Botox da ake yi a asibitocin gyaran fata asalinta guba ce, irin wadda ta riƙa kashe masu cin gurɓataccen nama a Jamus. A shekarun 1970, Alan Scott, likitan ido a Amurka, ya gwada ta don yi wa masu harara-garke magani. A 1987, Dakta Jean Carruthers ta Kanada ta lura tamojin goshin majinyatanta na ɓacewa. A 2002, hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi kwalliya da ita.

Gubar kan sassauta tsoka na wata uku zuwa huɗu. In mai allurar ya kuskure wuri, fatar ido kan sauko, ta yi makonni a haka.